Sunan da Nake Tsallakewa

A shekarun da nake digiri na uku, ɗaki ɗaya na kama a Gusau, a wani gidan haya da ke bayan injin niƙa. Da safe ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, da rana in dawo in zauna gaban kwamfuta, injin yana ta ruri, ni kuma ina ta goge abin da na rubuta jiya. Aurena ya riga ya mutu a lokacin. 'Yata tana Tsafe wurin Inna, mahaifiyata, don ba ni da wanda zan bar wa ita idan na fita. Matan gidan hayar ba su da mugun hali, amma tun makon farko suka yanke cewa girman kai gare ni, tunda ba na fitowa tsakar gida a yi tsintar shinkafa ana hira. Ban ga laifinsu ba. Ko da na fito, ban san ta inda zan fara gaya musu cewa raina a ɓace yake saboda sakin layi ɗaya ya ƙi tsayuwa ba.

Bincikena a kan iri ne, wato yadda manoman ƙasar Tsafe da Bungudu suke zaɓen abin da za su shuka baɗi, da yadda suke adana shi. Idan na faɗi haka a gidan biki sai wata ta ce, "Allah ya taimaka," da irin muryar da ake yi wa mai doguwar jinya. Kowa ya san ni 'yar manomi ce, sai abin ya zama na dariya, a ce na bar gida na tafi jami'a don in koyo inda ake rataye gero.

Malamin da aka ba ni ya duba aikina farfesa ne, mutumin Bungudu, dattijo siriri mai magana a hankali. Tun yana da ƙuruciya ya rubuta wani ɗan littafi a wannan fage, kuma har zuwana babu ɗalibin da zai taɓa maganar iri a yankinmu bai kafa hujja da shi ba. Na yi murna da aka haɗa ni da shi. Abu ɗaya ne ya tsaya min a wuya: sunan da ake ambatonsa da shi a littattafai sunan babana ne.

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce wannan ai ba komai ba ne. Babana ya rasu ina 'yar firamare, kuma har yau ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba. Da yana raye "mai gidan nan" take cewa, da ya rasu ya koma "marigayi". Mu 'ya'yansa kuwa ba a ma maganarmu. Ɗan yayana da ya ci sunan, Abba muke ce masa. Mai shagon bakin layinmu ma sunansa ke nan, Baba nake kiransa ko da yake na girme shi. A makaranta da sunan kawuna da ya kai ni aka rubuta ni, don haka ko kiran rajista bai taɓa tilasta min ba. Na girma, na yi aure, na haihu, na fito, ban taɓa buɗe baki na faɗi sunan nan ba. Rubutawa dai nakan rubuta idan ta kama.

Babin farko da na kai wa Malam shi ne na bitar ayyukan magabata, kuma da alfahari na kai shi, don babu littafin da na samu a laburare ban cusa shi a ciki ba. Bayan 'yan kwanaki ya kira ni ofis. Takardun suna gabansa, babu ko ɗigon jan biro a jikinsu, har na fara jin daɗi.

"Malama," ya ce, "na karanta gaisuwarki."

Na ce, "Gaisuwa kuma, Malam?"

"Kin gaida wane, kin gaida wance, kin tambayi lafiyar Turawa da ta Indiyawa, kin yi wa kowa ban gajiya. Na kai shafin ƙarshe ina jiran ki faɗi abin da ya kawo ki, sai na ga kin yi sallama kin tashi."

Na fito ina huci. Tun daga bakin jami'a har gida ina shirya amsoshin da ya kamata in ba shi, masu zafi, waɗanda na san ko za a yanka ni ba zan iya faɗa a gabansa ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ya yi gaskiya. Haka aka rene ni. Ba a shiga gaban manya a fara da buƙata, ba kuma a cewa "ni a ganina" alhali akwai wanda ya girme ka a wurin. Na ɗauko tarbiyyar Inna gaba ɗayanta na zuba a kundin digiri, ina tsammanin yabo.

A shekarata ta biyu idanunsa suka fara ba shi wahala. Hawan jinin ido ne, in ji likitoci, kuma an makara. Ya daina zuwa ofis sai jefi-jefi, aka rarraba sauran ɗalibansa ga wasu malamai. Ni ya ce a bar masa ni, don babu wani a sashen da ya damu da maganar iri. Ya aiko min cewa in riƙa zuwa gidansa a Bungudu ranar Asabar ina karanta masa abin da na rubuta.

Haka Asabar ta zama tawa. Nakan shiga mota da sassafe, in dawo kafin la'asar, don a shekarun nan babu mai son yamma ta same shi a hanya saboda 'yan bindiga. A zaurensa muke zama. Shi yana kan wata doguwar kujerar katako, sanye da baƙin tabarau, ni ina kan tabarma kusa da ƙofar shiga cikin gida, wadda Hajiya, matarsa, take bari a buɗe. Takan kawo min fura a ɗan kwano ta koma. A ofis Hausar boko yake yi, irin ta rediyo, amma a zauren nan bakinsa na gida ne yake fitowa, har wani lokaci in ji kamar wani kawuna ne ke min faɗa.

Da Turanci ake rubuta kundin, da Turanci kuma nake karantawa. Idan na kai inda bai gamsu ba, ba ya katse ni da magana, yatsa kawai yake ɗagawa. Sai in tsaya.

"Hwaɗa min da Hausa," zai ce.

In na fara kame-kame sai ya ce, "Kin gani? Abin da ba ki iya hwaɗa ma Inna da Hausa, ke ma ba ki san shi ba. Turancin kika lulluɓa da shi."

Ya tsani "ana iya cewa". Ya tsani "wasu masana na ganin". Duk lokacin da na karanta irinsu yatsan zai tashi, ya ce, "Wa ka cewa? Su wa na masanan? Suna da suna ko aljannu na?" Wata rana na karanta masa wata jimla da na yi kwana da kwanaki ina gyarawa, doguwa, mai waƙafi a ko'ina, wadda a raina nake ganin ko a mujallar ƙasar waje za ta shiga. Numfashina ya ƙare kafin in kai aya. Ya bari na huta, sannan ya ce ai ba sai ya yi magana ba, ƙirjina ya riga ya yi gyaran. Na koma Gusau na yanka ta gida uku, ina yi ina tsaki.

Sau da yawa nakan bar zauren nan da alkawarin ba zan sake dawowa ba. Kafin Laraba kuma sai in tsinci kaina ina ƙirga kwanaki. Gaskiyar magana, a duk mako babu wanda yake saurarena sai shi. 'Yan ajina jira suke a buga ƙararrawa. Inna in na kira ta, lafiyata take tambaya da ko na ci abinci, sai ta miƙa wa 'yata wayar, ita kuma ta ce "ina wuni" ta ruga wasa. Amma tsohon nan da ba ya gani zai karkata kansa gefe ya bi maganata kalma bayan kalma, ya tuna abin da na faɗa wata guda da ya wuce, ya ce yau na saɓa wa kaina. Ban taɓa sanin cewa a kama ka da saɓa wa kanka ma gata ne ba sai a wurinsa. A hankali rubutuna ya fara ramewa, ya fara tsayuwa da ƙafafunsa. Na koyi fara sakin layi da abin da nake so in faɗa, in bar shaidu su biyo baya.

Sunansa kuwa yana ko'ina a cikin takardun, tunda kusan kowane shafi sai na kafa hujja da littafinsa. A tsarin rubutun jami'a ba a sa Malam, ba a sa Farfesa, suna ne tsirararsa sai shekara. Idan na zo wurin ina karatu, sai in ce "Malam" in wuce. Bai taɓa ɗaga yatsa a kan wannan ba, na ɗauka bai ma lura ba.

Daga nan na shiga aikin fili. Na zaga ƙauyukan wajen Bungudu, na je wajen Kucheri da 'Yankuzo a ranakun da aka ce hanya da dama-dama. Inda ba ya shiguwa kuma, na nemi mutanen wurin da suka dawo cikin garin Tsafe suka raɓe a gidajen 'yan uwa. A kowane gida a zaure ake fara sauke ni, mai gida ya yi min bayani. Bayaninsu duk iri ɗaya ne, kuma shi ne abin da ke cikin littafin Malam: da kaka mai gida ne ke zaɓen zangarniyar da ta fi kyau, ya ɗaure dami na musamman, ya ajiye a saman rumbu, idan ruwa ya sauka ya sauko da shi. Iri aikin namiji ne daga farko har ƙarshe. Ina rubutawa ina murna, don babu abin da ya fi wa ɗalibi daɗi irin ya ga maganar malaminsa ta tabbata.

Sai dai ni mace ce, idan an gama da ni a zaure akan ce in shiga ciki in sha ruwa. A wani gida wajen Kucheri ina zaune a madafa ina jiran ruwan, na ɗaga kai na ga zangarniyoyin gero a rataye saman murhu, hayaƙi ya mayar da su baƙi ƙirin. Na tambayi tsohuwar gidan ko na mene ne.

Ta ce, "Iri na mana. Na rumbu in yunwa ta matsa ci aka yi, ko ƙwari su gama da shi. Wanga shi muka hiddawa in anka rasa."

Ta nuna min tulun wake da aka gauraya da toka aka liƙe bakinsa da laka, da ƙulle-ƙullen kuɓewa da yakuwa da riɗi a tsummoki. Ban yi mamakin ganinsu ba, don a madafar Inna ma akwai irinsu, na tashi ina ganinsu ban taɓa ɗaukarsu abin rubutawa ba. Daga ranar na fara tambayar mata a duk gidan da na shiga. Na ji yadda ake kai wa 'yar uwa ƙullin iri idan an je suna ko biki a wani gari, na ji yadda dawar wani ƙauye ta isa wani ƙauye a cikin kayan amarya. Waɗanda suka baro garuruwansu a guje suka ce min rumbu ba ya ɗaukuwa, abin da tsofaffi suka ƙulle a bakin zane shi aka shuka a gonakin aro. Maza ba ƙarya suka yi min ba, abin da suka sani suka faɗa. Amma maganar cewa iri aikin namiji ne shi kaɗai ba daidai ba ce, kuma a kanta aka gina littafin Malam.

Na zauna da wannan abu a ɗakina na Gusau kamar wadda aka ba ajiyar garwashi. Babu wanda zan yi shawara da shi. Wanda nake kai wa kowace matsala ta rubutu, yau shi ne matsalar. Mutumin da ya rasa idanunsa, ya rasa ofis, ya rasa ɗalibai, abin da ya rage masa a duniyar ilimi ɗan littafin nan ne, sai kuma ni da ya riƙe in zo in ce akwai gyara a gindinsa. Na ji tausayinsa, amma tsoron da nake ji don kaina ya fi yawa. Na san manyan malamai da ba sa yafe irin wannan, kuma na san idan ya juya min baya, Asabar ta tafi ke nan.

Sai na yi dabarar da na iya. Na rubuta babin, na zuba duk abin da matan suka faɗa, sannan na naɗe shi da cewa wannan sakamako ya ƙara haske ne a kan abin da magabata suka gano, ya kuma dace da shi ta fuskoki da dama. Na karanta masa ranar wata Asabar a farkon damina. Tun daga farko har ƙarshe yatsan bai tashi ba, abin da bai taɓa faruwa ba.

Da na gama ya ce, "Akwai abin da kinka gani wanda ba ki hwaɗi ba."

Na ce, "Duk na faɗa, Malam."

"Kin kawo shaidu sun yi rantsuwa, kin tashi kin bar su babu hukunci. Ki tahi. Kada ki dawo sai kin rubuta shi."

Ya laluba sandarsa ya miƙe ya shige cikin gida, ya bar ni a kan tabarma da takardu a cinya.

Daminar nan ita ce mafi tsawo da na taɓa gani. Ban san fushin me yake yi ba, ko na abin da na gano ne, ko na ɓoyewar da na yi. Idan na tuna yadda ya tashi sai in ce ya gane littafinsa nake nufi, ya ji ciwo. Idan na tuna kalmominsa kuma sai in ce so yake in fito fili. A tsakiyar wannan aka shiga watannin da layukan waya suka ɗauke a jihar, ko in so in kira Hajiya in ji yanayinsa babu hali. Ranar Asabar nakan wanke kayan da ba su yi datti ba, in share ɗaki, in zauna ina kallon ruwa yana zuba daga indararo. A sashe kuma an fara tuna min cewa wa'adin rajistata ya kusa cika, idan ban miƙa kundi ba sai dai in sake sabon lale. Na yi fushi da shi sosai. Na ce a raina, shi namiji ne, farfesa, ya saba faɗin magana a ji, bai san abin da yake nema a wurina ba.

Da abin ya ishe ni na tafi Tsafe na gaya wa Inna. Tana tankaɗe a tsakar gida, na yi mata bayani dalla-dalla da Hausa, yadda aka koya min. Ta gane sarai, har ta yi dariya da na zo kan maganar gero a saman murhu, ta ce wannan ai ko yaro ya sani. Amma da na ce sai na rubuta cewa malamina ya yi kuskure, sai ta ajiye rariyar.

"Mai sunan marigayi?" ta ce. "Shi za ki cewa ya yi kure, ki rubuta duniya ta karanta? Mutum ya ɗauke ki kamar ɗiya tai. In digirin na haka na, ki bar masu abinsu."

Na ce, "Inna, shi ya ce in rubuta."

"Gwada ki shi kai. Babba in ya ce taka ni, ba takawa aka yi ba."

Na kwana biyu na dawo Gusau da nauyin da ya fi wanda na tafi da shi. 'Yata ta rako ni bakin titi, ta tambaye ni yaushe zan gama karatun nan in dawo gida, na ce mata an kusa. A mota na yi ta tunanin cewa Inna ta san mutane fiye da ni, amma ba ta taɓa zama a zauren nan ba. Ni na zauna, kuma ban taɓa jin mutumin nan ya faɗi abu yana nufin wani ba.

Ban rubuta shi da jarumta ba. Na rubuta ne don na gaji, kuma don kewar zauren ta fi ƙarfin tsorona. Jimla biyu ce kacal. Ta farko ta fara da sunansa, ta ce ya yi kuskure da ya ɗauki adana iri a matsayin aikin mai gida shi kaɗai. Ta biyu ta ce shaidun wannan babi sun nuna irin da ake komawa gare shi idan na rumbu ya salwanta yana hannun mata ne. Na cire duk wani "ƙarin haske" da "ta fuskoki da dama". Na bar su a kwamfuta kwanaki ina leƙa su, ko za su yi laushi da kansu.

An fara yankan gero lokacin da na koma Bungudu. Hajiya ta fito ta riƙe hannuna ta ce na rame, ta ce kullum Asabar sai ya sa an shimfiɗa tabarmar. Shi kuwa da na gaishe shi amsawa ya yi kamar jiya muka rabu, ya ce, "Bismilla."

Na fara karatu. Na wuce bayanin ƙauyuka, na wuce maganganun maza, na wuce na mata. Da na iso wurin sai na ce, "Malam ya yi kuskure da ya ɗauki..."

Yatsan ya tashi.

"Ba haka anka rubuta ba," ya ce.

Ya sauke yatsan, ya ci gaba.

"Ranar da za ki tsaya gaban masu jarrabawa babu Malam. Waɗanda za su karanta ki inda ba a san ni ba, su ma babu Malam. Karanta abin da ke ga takarda."

Na ce, "Malam, sunan babana ne."

"Na sani. Tun ranar hwarko na sani, shi ya sa na ƙyale ki kina tsallake shi inda kika yabo na. Nan ba a tsallakewa. In kinka ce Malam, ɗiya ta ka ba ubanta haƙuri. Ni kuwa abokin aiki nika son ji."

Na dubi takardar. Sunan yana nan, gajere, wanda na buga da hannuna sau ba adadi. Na tuna babana yana wanke ƙafafunsa a bakin rijiya bayan ya dawo gona, abin da na daɗe ban tuna ba. Sannan na faɗa. Ya fito a hankali, kamar ba da muryata ba, na bi shi da sauran jimlar har aya, na karanta ta biyun. Hawaye suna zuba a kan takardar, na ji kunya, na kuma gode wa Allah da ba ya ganina.

Bai yi murmushi ba, bai ce madalla ba. Na ga hannunsa ya ƙara damƙe kan sandar. Abin ya yi masa ciwo, kada wani ya ce min bai yi ba.

Can ya ce, "Saura abu guda. Ba ki hwaɗi dalili ba. Ki ƙara cewa dut hirar da ya yi, a zaure ya yi ta, da maza, bai taɓa shiga cikin gida ba. Mai karatu na da hakkin ya san ta inda kuren ya shigo, don kada wani ya sake."

Na rubuta a gefen takardar. Ya ce in ci gaba, na ci gaba har ƙarshen babin, ya tsayar da ni a wurare kaɗan kan ƙananan abubuwa. Zuciyata ta yi sanyi. Na ce a raina shi ke nan, na tsallake, bai kore ni ba. Har na fara lissafin abin da zan kawo mako mai zuwa, na ce masa babin kammalawa ya kusa, in Allah ya yarda zan zo da rabinsa.

"A'a," ya ce. "Wanga ba sai kin karanta min ba. Ki rubuta abinki, in kin ƙare ki aiko in sa hannu."

Na ce, "Malam, ai ban gama ba."

"Kin gama da ni dai. Abin da nika iya koya maki ke nan, kuma kin yi shi yanzu ina ji. In kinka ci gaba da tahowa, kunnena za ki riƙa rubuta ma, ba mutane ba."

Na so in yi gardama. Shi ya koya min gardama, kuma ina da hujjoji: akwai manazarta da ban daidaita ba, akwai gabatarwa da ke buƙatar gyara. Amma na san duk ba su ne dalilina ba, kuma na san zai ce in faɗa masa da Hausa. Dalilina shi ne ba ni da kowa a Gusau, wannan kuwa ba aikin mai duba kundi ba ne. Na tattara takarduna, na durƙusa na yi masa godiya, ya sa min albarka, ya ce in gaida Inna. Duk damina ina tsoron kada ya rabu da ni don na ɓata masa rai, ban taɓa kawo wa raina cewa zai sallame ni don na yi daidai ba.

Ya sa hannu a kundin bayan wata biyu, Hajiya ce ta riƙe masa takardar ta nuna masa wurin. Na kare kundin a gaban masu jarrabawa, na faɗi sunan a bainar jama'a ban tsallake shi ba, aka ce babin nan shi ne ƙashin bayan aikin. Amma ba ranar ce ta zauna min a rai ba.

Wadda ta zauna min ita ce Asabar ɗin da ta biyo bayan sallamar. Na tashi da sassafe, na yi wanka, na sa hijabin da na goge tun jiya, na zuba takardu a jaka, ban tsaya tunani ba sai da na ga kaina a tasha. Motar Bungudu tana lodi. Ɗan kamashon da ya saba ganina ya ɗago hannu ya ce, "Hajiya, taho, saura mutum guda." Na tsaya riƙe da jaka ina kallon kujerar da ta rage. Na ce masa yau ba ni da tafiya. Ya ce to me ya kawo ni tasha, na gyara riƙon jakar na juya na kama hanyar gida.